Sitiyarin Mai Ruri

To jama'a, ku matso da bencin nan. Kai kuma Lawandi rage muryar rediyon nan taka, labaran duniya ba inda za su gudu. Yau magana na zo da ita, kuma ba zan tashi daga majalisar nan ba sai kun raba mini gardama. Ba tatsuniya ba ce, da idona na gani, wani wurin ma har da ni a ciki.

Kun dai san Malam Ilu Direba na Gangare, abokina tun muna samari. Wanda bai san shi ba ma ai ya san motarsa. Doguwar jar motar nan ƙirar Amurka, mai ƙofa biyu, mai silinda takwas, wadda bonet ɗinta kaɗai ya isa mutum ya shimfiɗa tabarma ya yi barcin rana. Wani Bature ne na kamfanin kuza ya zo da ita Jos, Ilu ne direbansa, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ita. Mai Ruri ake ce mata, don idan Ilu ya tayar da ita a Gangare, har kajin Dilimi sai sun watse. Kada ka yi mini wannan kallon, Lawandi, lokacin kana ƙauye.

Amma fa Mai Ruri tana da halinta. Sitiyarinta irin na da ne, babu pawa, ƙarfin damtsenka kawai. Kafin ka juya ta a kwana sai ka jiƙe sharkaf kamar mai tuƙin tuwon biki. Da ta tsufa kuma sai wasa ya shiga sitiyarin, ka murɗa kusan rabin zagaye tayoyi ba su ma san kana yi ba. Ilu kaɗai ya san yadda yake lallaɓa ta. Ni da na yi shekara talatin a kan tirela, sau ɗaya na taɓa karɓarta, daga gidan mai zuwa bakin kasuwa, na sauka kafaɗuna suna zogi na ce masa riƙe kayarka.

To bara waccan, bayan babbar salla, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Ilu. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Baki ya dawo, hannun dama da ƙafar dama lafiya lau, amma hannun hagu ya tafi, sai dai a ɗaga masa shi a ajiye. Mai Ruri kuwa ko mai hannu biyu sai ya shirya. Aka lulluɓe ta da tamfol a ƙofar gida. Ilu ya sa ana fito masa da kujera, ya zauna yana kallon tamfol ɗin nan tun hantsi har la'asar. Ya daina zuwa majalisa, ya daina tsokanar mutane, abinci loma biyu ya ture kwano. Likita ya ce jiki sai godiya, amma mutum yana ta ramewa a gabanmu. Wallahi abin ya dame ni ƙwarai, don ina ganin abokina yana ƙarewa a zaune kuma na san abin da ke cin sa.

Rannan ya tara 'ya'yansa uku, ya aika aka kira ni shaida. Akwai babban, Tasi'u, bakanike ne, garejinsa na hanyar Bauchi. Da yake ɗan fari ne Ilu ba ya kiran sunansa, Bakanike yake ce masa. Akwai Ukasha, dillalin kayan gyaran mota, babu kasuwar tsofaffin ƙarafa da bai san lungunanta ba. Sai autarsu Barira, matar aure mai 'ya'ya uku, tana aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti.

Ilu ya ce musu, "Abu ɗaya nake so kafin a kai ni makwancina. In tuƙa motar nan da hannuna daga ƙofar gidan nan zuwa Tudun Kuza inda muka yi aiki, in tsaya, in kashe ta da kaina. Ba a tuƙa ni ba, ba a riƙe mini sitiyari ba. Wanda ya sa haka ta yiwu a cikinku, makullin nasa ne tun ina raye, kada a sa ta cikin gado."

Kun san hanyar Tudun Kuza kuwa? Tsohuwar hanyar kamfani ce, siririya, kwana-kwana har bakwai a tsakanin duwatsu, gefe guda dutse gefe guda rami. Giyar motar dai otomatik ce, ƙafar dama ta isa totur da birki. Magana duk tana ga sitiyari.

Tasi'u ne ya fara motsawa. Washegari da sassafe ya yaye tamfol, ya ja Mai Ruri zuwa gareji, ya ɗora ta kan jak, ya kwance gabanta kakaf. Kai, abin da ya tarar! Notunan da ba a taɓa kwancewa ba tun kafin a haife shi, tsatsa ta haɗe su, sai da ya riƙa gasa su da wuta yana bugu. Tsohon akwatin sitiyarin haƙoransa sun cinye, robobin duk sun zama gari. Ya ce wannan ba abin faci ba ne, sabon tsari za a yi. Ya cire tsohon gaba ɗaya, ya samo rak na zamani mai pawa, wato dogon ƙarfen nan da ke kwance a ƙarƙashin mota yana tura tayoyi dama da hagu. Sai dai injin Mai Ruri ba a yi shi da wurin ɗaura famfon pawa ba. Tasi'u ya yanka ƙarfe, ya yi walda, ya ƙera mariƙi da hannunsa. Na farko ya karye. Na biyu bel ya riƙa tsalle yana fita. Sai a na uku ya zauna daram. Wata uku yana kwance a ƙarƙashin motar nan, masu kawo gyara suka gaji da jira suka koma wasu garejin, farcen babban yatsansa ya cire, bai ko ɗaure ba ya ci gaba.

Ranar gwaji, rabin Gangare ya hallara, aka kawo Ilu a Keke Napep aka ba shi kujera a inuwa. Mota na kan jak, Tasi'u ya shiga ya murza makulli. Ruuuu! Ƙasa ta ɗauka. Ya sa ɗan yatsa ɗaya, ɗaya tak, ya juya sitiyari, tayoyi suka karkata sumul. Wuri ya kaure da kabbara. Ni kaina na yi tsalle, da tsufana. Kowa ya ga tayoyi na motsi, amma duk taronmu, har da mu tsofaffin direbobi, babu wanda ya tsaya ya duba ina suke nufa.

Aka sauke ta daga jak. Tasi'u ya sa giya, ya fito bakin gareji, ya murɗa dama zai hau titi. Mota ta yi hagu! Ya ƙara murɗawa dama, ta ƙara yin hagu, sai ga ta cikin tulin tayoyin mai faci, shi kuwa mai facin ya haye katanga da takalmi ɗaya. Ashe hannayen da ke jan tayoyin Mai Ruri ta bayan taya suke, shi kuma rak ɗin da ya sa na motar da hannayenta ke gaba ne, shi ya sa komai ya juye. Mutane suka tuntsire da dariya. Tasi'u ya zauna a ƙasa ya ɗora hannu a ka. Ilu bai yi dariya ba. Ya ce a hankali, "Ku mai da ni gida." Daga ranar ko kujerar ƙofar gida ya daina fitowa.

To nan ne Ukasha ya shigo. Kuma in faɗa muku gaskiya, shi ne tun farko yake cewa a sayar da motar nan wa masu tara tsofaffin motoci a huta. Amma da ya ga fuskar ubansa a ranar, sai ya sake shawara. Ya kwana biyu yana juya abin, sai ya tuna wani abu da ya gani a yawonsa. A wuraren da ake mai da motoci masu sitiyari a dama zuwa hagu, ana cire rak ɗinsu a jefar, ba mai so. Ya zo wurin wansa ya ce, "Yaya, irin wancan rak ɗin in ka kifar da shi, bakinsa zai dawo hagu, juyinsa kuma zai koma baya. Abin da ya ɓata maka shi zai gyara." Tasi'u da ke cike da takaici ya ce, "Kai da ko sifana ba ka iya riƙewa ba, ni za ka koya wa aiki?" Ukasha ya shiga ƙarƙashin mota da shaddarsa fara, ya yanki sanda daidai tsawon da ake buƙata tsakanin tayoyin biyu, ya yi mata alama a wurare uku, ya saɓa ya tafi tasha.

Kwana ashirin da uku, jama'a! Kaduna, Kano, Onica, Ikko, yana bin juji-juji na ƙarafa da sandarsa yana gwadawa. Wannan ya yi gajere, wancan ya yi tsawo, wancan daidai ne amma ya lanƙwashe. Wasu suka ɗauka makaho ne, wasu suka ce taɓin hankali ne, a wata kasuwa har laƙabi suka sa masa, Mai Sanda. Zazzaɓi ya kayar da shi a hanya ya tashi ya ci gaba. Sai can wani gari na bakin iyaka, cikin damina, ya tono wani daga ƙarƙashin tulin ƙarafa, cikin taɓo har gwiwa. Ya ɗora sanda, alama uku suka hau cif. Ya ce mini a wurin ya durƙusa ya yi sujada, masu wurin suna kallon ikon Allah. Da zai dawo ya ƙi yarda a sa ƙarfen nan a but, a cinyarsa ya rungumo shi tun daga can har Jos, fasinjoji na ta mita.

Tasi'u ya karɓa. Ya wanke shi, ya sake masa robobi, ya kifar da shi ya ɗaura, ya ja sababbin tiyo, ya daidaita tayoyi da zare yadda tsofaffin ma'aikata ke yi. A wannan karon mutum huɗu ya tsayar a gaban mota su faɗa masa ina taya ta nufa. Dama ta yi dama, hagu ta yi hagu. Ya fito ya rungume ƙanensa, duk ya ɓata masa riga da baƙin mai.

Saura Barira. Ita tun ranar farko ta ce da ni, "Baba Audi, suna can suna gyaran mota, wa zai gyara direban?" Ta san komai laushin sitiyari, mai hannu ɗaya ba zai iya saki ya sake kamawa a kwana ba. Sai ta kwaɓa fulawa, ta sa a tafin ubanta ta ce ya damƙe. Ta ɗauki ƙullin da shatin yatsunsa ta kai wa masassaƙi, ya sassaƙa mata ƙulli na icen ƙirya daidai hannun Ilu, wanda za a ɗaura a jikin sitiyari yana juyawa, irin na masu tarakta. Ta samo tsohuwar tayar keke ta kafa a kan turmi a gefen gadonsa, ta ɗaura ƙullin. Kullum kafin ta tafi aiki sai ta biyo. "Baba, dama. Baba, hagu. Sake." Tana riƙe tayar da gyalenta don ta yi masa nauyi. Ilu ya yi faɗa, ya ce ta mai da shi ɗan wasa, ya kore ta ya fi a ƙirga, gobe ta dawo. Bayan abin kunyar gareji kuwa, da ya juya fuska bango ya ce a bar maganar, ita ce ta zauna a bakin gado da kwanon fate ta ce, "Yaya Ukasha yana can cikin ruwan sama saboda kai. In ya dawo ya tarar hannun nan ya mutu shi ma, me za ka ce masa?" Ya harare ta, ya karɓi cokali. Ita ta kai shi aka gwada idonsa, ita ta zaɓi safiyar Lahadi, lokacin da hanyar ba kowa.

Ranar ta zo, an riga an ɗaura ƙullin a sitiyarin Mai Ruri. Ilu ya fito da tsohuwar hularsa ta direbobi. Barira ta zauna gaba kusa da shi, ni da Tasi'u da Ukasha muka cusa kanmu a baya, gwiwoyinmu a haɓa. Ya yi bismilla ya murza makulli. Ruuuu! Mata suka rangaɗa guɗa ta kan katanga, masu shayi suka bar tukunya a wuta suka fito. Ya damƙi ƙullin nan ya juya, Mai Ruri ta fita daga lungu sumul, ba gumi ba nishi. Kai, daɗi! Muka bar gari, muka kama hawa. Kwana ta ɗaya, ta biyu, ta uku, yana shan su kamar ruwa. A ta huɗu har ya ƙara wuta, Ukasha na dukan bayan kujera yana cewa, "Sai Baba! Sai Baba!"

A kwana ta shida ne. Muna shiga, sai ga tifa cike da duwatsu ta gangaro a tsakiyar hanya, tana hon, birki na kuka. Hagu tifa da dutse, dama rami, tsakaninsu ɗan wurin da ni da na yi tirela ban yarda mota za ta wuce ba. Ilu ya daskare. Na ga wuyansa ya sandare. Tasi'u ya ƙwala ihu, "Barira, kama sitiyarin!" Ukasha ya kama salati. Na ga hannunta ya tashi, saura kamar taƙi ɗaya ya taɓa sitiyari. Sai ta janye shi, ta cusa hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne. Da muryar nan da take yi masa kullum da safe, ba ɗar-ɗar ba rawa, ta ce, "Baba, dama. Yanzu hagu."

Allahu Akbar! Hannun Ilu ya wulwula ƙullin nan. Mai Ruri ta kwanta dama, na ji tayar baya ta lashi bakin rami, tsakuwa na zuba ƙasa. Ya dawo da ita hagu. Tifa ta wuce fuuu, ta tafi da madubin gefe. Can sai Ilu ya leƙa ta taga ya ɗaga murya yadda rabon da in ji tun kafin ciwo, "Kai, wa ya ba ka lasin? Jaki ma ya fi ka sanin hannu!" Ina jin haka hawaye suka zubo mini, ban ɓoye ba, na san abokina ya dawo.

Ya sha kwana ta bakwai, ya hau Tudun Kuza, ya tsaya a gindin tsohon ofishin kamfani, ya kashe mota da kansa. Sannan ya zare makulli ya ce, "Alhamdulillahi. Na gama tuƙi. Ni na sauka da kaina, ba ciwo ne ya sauke ni ba."

To sai rabon makulli, nan fa ake yin ta. Tasi'u ya ce shi ya mai da mataccen ƙarfe mota, ba don famfon da ya ƙera wa mazauni ba, da ko mai hannu uku bai juya ta a kwanar nan ba. Aka ce masa haka ne, amma aikinka da ka gama ai hagu yake yi in an ce dama. Ukasha ya ce ba don rak ɗin da ya tono a taɓo ba, da har yau tana cikin tayoyin mai faci. Aka ce masa haka ne, amma kai ne mai cewa a sayar, kuma ƙarfen da ka kawo ba ka iya ɗaura ko noti ɗaya a jikinsa ba. Barira ta ce mota ba ta tuƙa kanta, ita ta tayar da hannun, kuma da ta taɓa sitiyarin nan ko da yatsa, da sharaɗin Baba ya rushe, wahalar kowa ta tashi a banza. Tasi'u ya ce mata, ransa a ɓace har yanzu, "Rai biyar kika ɗora a kan hannu ɗaya. Da ya ƙara daƙiƙa guda a daskare fa?"

Ilu ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi autarsa. Ya miƙa hannu ya janye har sau biyu. Daga ƙarshe ya juyo ya danƙa mini ya ce, "Audi, kai ne shaida. Ni uba ne, ba zan iya ba. Juma'a bayan masallaci ka faɗa mini."

Ga shi nan, kun gan shi, kwana uku ke nan yana aljihuna, na fitar na mayar. Mota ɗaya ce, makulli ɗaya ne, Ilu kuma ya ce ba a haɗa su a kai, ba a sayarwa a raba. Jibi Juma'a. Lawandi, kashe rediyon gaba ɗaya. Wanda ya ƙera, ko wanda ya nemo, ko wadda ta danne hannunta ta bar ubanta ya tuƙa: ku faɗa mini tsakaninku da Allah, a tafin wa zan sa makullin nan?